Gishirin da Ya Ƙi Daskarewa: Tarihin Neman Batirin da Ba Ya Cin Wuta

A watan Oktoba na 2019, Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ta raba kyautar Nobel ta fannin sinadarai tsakanin mutum uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, saboda batirin litiyam da a yau yake cikin aljihun kusan kowa. Wanda ya duba aikin da aka yaba musu zai ga ya ta'allaƙa ne a kan ɓangarori biyu na batir, wato anod da katod, inda caji ke zama. Akwai ɓangare na uku da ke kwance a tsakaninsu, wanda ba a ba kowa kyauta a kansa ba, shi ne abin da bakanike ke kira ruwan batir. Aikinsa guda ne: ya bar ayon, wato ƙwayoyin zarra masu ɗauke da caji, su riƙa kai da komo tsakanin ɓangarorin biyu, ya kuma tare wa wutar lantarki hanya domin ta bi ta waya ta yi wa mutum aiki.

A batirin mota na gargajiya, wannan ruwa asid ne da aka sirka. A batirin waya kuwa wani sinadari ne mai kama da tinar masu fenti, wanda aka narkar da gishirin litiyam a cikinsa. Yana gudanar da aikinsa da kyau ƙwarai, amma tururin wasu daga cikin sinadaransa na iya kama wuta ko da zafin wuri bai kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ba. Shi ne makamashin da ya ci a cikin jiragen Boeing 787 har aka dakatar da tashinsu duka a Janairun 2013, shi ne kuma ya sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Fiye da shekara hamsin ke nan masana na neman abin da zai maye gurbinsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka bi ta samo asali ne daga bincike biyu da ba su san da juna ba, ɗaya a kan roba, ɗaya a kan gishiri, waɗanda sai a farkon wannan ƙarni suka haɗu.

Kwaɗayin ƙarfen litiyam

Tsoron gobara rabin dalili ne kawai. Ɗaya rabin kwaɗayi ne. Giram ɗaya na garafait, baƙin sinadarin nan na bakin fensir da ake yin anod da shi a yau, yana ɗaukar caji 372 a ma'aunin mAh da masu sayen waya suka sani. Giram ɗaya na tsantsar ƙarfen litiyam kuwa yana ɗaukar 3,860, ninki goma ke nan. Da ƙarfen aka fara. Batirin da Whittingham ya ƙera wa kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970 da shi aka yi, kuma ya tashi gobara a ɗakin gwaje-gwaje ba sau ɗaya ba.

Matsalar ita ce yadda litiyam ke komawa mazauninsa idan ana caji. Ba ya kwanciya sumul kamar siminti a daɓe. Tsiro yake yi, siraran ƙayoyi da ke ƙara tsawo a kowane caji, har ranar da ɗaya za ta huda shingen da ke tsakani ta taɓa katod. Daga nan wuta ta samu gajeriyar hanya, zafi ya tashi, ruwan ya kama. Kamfanin Moli Energy na Kanada ya kai irin wannan batir kasuwa a ƙarshen shekarun 1980. A 1989 wata wayar hannu da ke ɗauke da shi ta kama wuta a Japan ta ƙone mai ita, aka janye dubban wayoyi, kamfanin ya durƙushe. Da Sony ya fito da nasa batirin a 1991, ya kauce wa ƙarfen baki ɗaya, ya ɓoye litiyam a cikin sinadarin gawayi. An sayi kwanciyar hankali, an biya da ƙarfin caji. Tun daga lokacin, burin masu bincike shi ne a samu wani abu mai tauri da zai tsaya a tsakani, wanda ba ya ci da wuta, ƙaya ba ta huda shi, amma ayon na ratsa shi kamar ruwa.

Cewa daskararren abu na iya barin ayon su wuce ba sabon labari ba ne. Michael Faraday, wanda shi ne ya shigar da kalmomin ayon da anod da katod cikin harshen kimiyya a 1834, ya lura da hakan a shekarun 1830 a jikin wasu gishirori na azurfa da na darma idan aka zafafa su. A 1967 masu bincike a kamfanin Ford sun nuna cewa wani nau'in tangaran na gudanar da ayon na sodiyam da saurin ban mamaki. Sai dai tangaran fashewa yake yi, kuma ba ya manne wa abin da aka jingina shi da shi, alhali anod da katod kumbura suke yi suna saɓewa a kowane caji.

Daga Sheffield zuwa Grenoble

A 1973 Peter Wright, masanin roba a Jami'ar Sheffield ta Ingila, tare da abokan aikinsa Fenton da Parker, ya wallafa wata gajeriyar maƙala. Sun gano cewa wata folima da ake kira PEO tana narkar da gishiri a cikin jikinta ba tare da ɗigon ruwa ba. Folima sinadari ne mai siffar doguwar sarƙa, dangin leda da roba. Ita PEO farar hoda ce mai araha da ake sakawa a magunguna da kayan kwalliya. A jikin sarƙarta akwai ƙwayoyin oksijin jere a tazara ɗaya, kuma su ne ke rungumar ayon na ƙarfe, kamar yadda ruwa ke yi wa gishiri a tukunya. Bayan shekara biyu Wright ya nuna cewa haɗin yana gudanar da caji idan ya ji zafi.

Wright ba mutumin batir ba ne. Wanda ya hango inda abin zai kai shi ne Michel Armand, wani matashin Bafaranshe a Grenoble, wanda ya yi karatu a Jami'ar Stanford a ɗakin binciken da Whittingham ya yi aiki. A wani taro a St Andrews ta Sikotland a 1978, Armand ya gabatar da shawarar a yi batir da siririyar ledar PEO a tsakiya, da fallen ƙarfen litiyam a gefe guda. Leda tana lanƙwasa, tana mannewa, ba ta yoyo, ana kuma iya murza ta a inji a naɗe kamar yadi.

Cikas ɗin ya bayyana da wuri. A 1983 Claude Berthier da abokansa a Grenoble suka tabbatar da cewa ayon ba sa tafiya a inda sarƙoƙin suka jeru sahu-sahu suka ƙame. Suna tafiya ne a inda sarƙoƙin ke a hargitse suna motsi, domin motsin sarƙar ne ke miƙa ayon daga wannan oksijin zuwa wancan, kamar masu miƙa bokiti hannu da hannu a wurin kashe gobara. To, PEO kuwa a yanayin ɗaki yawancinta a ƙame take, ba ta sakin jiki sai zafi ya kai wajen digiri 65. Ƙasa da haka, saurin ayon a cikinta ya gaza na ruwan batir sau dubbai. Ga ma'auni: ruwan batirin waya na gudanar da kusan milisimin 10 a kowace santimita. PEO da gishirinta mafi kyau sai an kai ta digiri 70 zuwa 80 take kusantar milisimin 1.

Wasu sun ce to, a zafafa ta mana. Kamfanin wutar lantarki na lardin Kebek a Kanada, Hydro-Québec, ya zuba kuɗi a wannan hanya tun farkon shekarun 1980, har aka kafa kamfanin Avestor da ya riƙa sayar wa kamfanonin sadarwa batura. Avestor ya karye a 2006, kuma bayan wasu akwatunan sadarwa sun yi bindiga a Amurka, kamfanin AT&T ya sanar da cire batura kusan 17,000. Wanda ya sayi ragowar kadarorin a 2007 shi ne Bolloré, sunan da mutanen Afirka ta Yamma suka fi sani da tashoshin jiragen ruwa da layin dogo. Asalinsa kamfanin takarda ne a yankin Bretagne na Faransa, wanda ya ƙware a siririyar takardar naɗa taba, daga baya ya koma yin leda mai matuƙar siranta. Murza ledar batir bai yi nisa da sana'ar gidansu ba. A Disambar 2011 aka ƙaddamar da motocin haya na Autolib' a birnin Paris, dubban ƙananan motoci masu batirin folima da ƙarfen litiyam. Kamfanin ya kai irin waɗannan batura har Afirka, a cikin motocin safa na ɗalibai a jami'o'in Abijan da Yawunde, da cibiyoyin hasken rana da ya kira Bluezone, ciki har da na Jamhuriyar Nijar.

Wannan ita ce shekara da shekaru kaɗai motar da ke yawo a titi da daskararren batir, kuma ya kamata a faɗi hakan domin yawancin masu tallar wannan fasaha a yau suna magana kamar ba a taɓa yi ba. Amma cikin batirin dole ya zauna tsakanin digiri 60 da 80 dare da rana. Motar da aka ajiye ba a jone da wuta ba sai ta riƙa cin cajinta tana ɗumama kanta har ya ƙare. Ko zafin Yamai na watan Afrilu bai isa ya ɗauke mata wannan nauyi ba. An rufe Autolib' a Yulin 2018 bisa rikicin bashi tsakanin kamfanin da hukumomin birnin. A Afrilun 2022 kuma motocin safa biyu na Bluebus suka ƙone ƙurmus a titunan Paris cikin wata ɗaya, hukumar sufurin birnin ta janye 149 daga aiki. Ba a rasa rai ba. Darasin dai ya fito fili: cire ruwa mai cin wuta ba ya hana gobara matuƙar akwai ƙarfen litiyam, wanda ke narkewa a digiri 180, kuma ita kanta leda makamashi ce.

Gishirin Walden

Ɗaya zaren labarin ya girmi wannan da shekara sittin. Paul Walden ɗan manoma ne daga ƙasar Latbiya, a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha, kuma ya riga ya yi suna a Riga saboda wani binciken daban. A 1914 ya ba da rahoton wani gishiri da ya haɗa wanda ke narkewa a kusan digiri 12. Gishirin miya sai ya kai digiri 801 yake narkewa. Na Walden ruwa ne a cikin kwalba a kan tebur, ba don an jiƙa shi ba. Babu komai a cikinsa sai ayon tsantsa. Shekarar ce Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma rahoton ya kwanta ba mai waiwayarsa.

Dalilin wannan ɗabi'a yana da sauƙin fahimta. A gishirin miya, ayon masu caji mai kyauta da masu caji mai karɓa ƙanana ne, mulmulallu, suna jan juna da ƙarfi suna shiryuwa kamar tubalin gini. Idan aka musanya su da manyan ayon masu karkatacciyar siffa, waɗanda cajinsu ya bazu a faɗin jiki, sai su kasa shiryuwa. Mai son gina katanga da ƙwarya da ludayi zai sha wahala. Abin da ya kasa shiryuwa ba ya daskarewa. A yau duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 ana sa shi a wannan aji, kuma saboda ayon ɗinsa na riƙe da juna, kusan ba ya fitar da tururi. Abin da ba ya tururi kuwa da wuya tartsatsi ya kunna shi.

Soja ne suka farfaɗo da maganar. Baturan makamai masu linzami na lokacin Yaƙin Cacar Baka suna aiki ne da gishirin da sai an kai shi sama da digiri 350 yake narkewa, zafin da ke lalata na'urorin da ke kusa. Tun shekarun 1960 Kwalejin Sojan Sama ta Amurka a Kolorado ta shiga neman mai sauƙin narkewa. A 1982 John Wilkes da abokansa suka samu wani haɗi na sinadarin imidazoliyam da alminiyam wanda ruwa ne a yanayin ɗaki, sai dai ko danshin iska ya taɓa shi lalacewa yake yi yana fitar da asid. Sai a 1992 Wilkes da Michael Zaworotko suka samar da irin da ke jure iska da ruwa, wanda kowane ɗalibi zai iya zubawa a buɗaɗɗen kofi. Daga nan fannin ya buɗe, maƙaloli suka yi ta kwarara, aka yi ta yi wa sabon ruwan kirari da cewa ba ya ƙonewa, ba ya tashi, ba ya gurɓata muhalli. Yawancin kirarin ya wuce gona da iri, kamar yadda za a gani.

A nan ne zaren biyu suka fara taɓa juna ba da niyya ba. A ƙoƙarinsa na hana PEO ƙamewa, Armand ya gabatar da wani babban ayon mai sassauƙan jiki, mai ɗauke da fulorin da farar wuta, wanda ake taƙaita sunansa da TFSI. Don leda aka nemo shi. A 1996 masu bincike a Lozan ta Suwizalan, a ɗakin Michael Grätzel, suna neman ruwan da ba zai bushe ba a cikin farantan hasken rana, suka haɗa TFSI da imidazoliyam, suka samu narkakken gishiri mafi juriya da aka gani zuwa lokacin. Saura matsala ɗaya: imidazoliyam ba ya jituwa da ƙarfen litiyam, ruɓewa yake yi a kansa. A 1999 Douglas MacFarlane da Maria Forsyth a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da dangin firolidiniyam, wanda ya fi haƙuri da ƙarfen.

Haɗuwa a wajen birnin Rum

A 2003, a cibiyar binciken makamashi ta Italiya da ke Casaccia kusa da birnin Rum, Joon-Ho Shin da Wesley Henderson da Stefano Passerini suka wallafa maƙalar da takenta tambaya ce: shin narkakken gishiri ne zai kawo ɗauki? Abin da suka yi bai da sarƙaƙiya. Sun ɗauki PEO da gishirin litiyam irin na Armand, suka cuɗa da narkakken gishirin firolidiniyam, suka matse da zafi ya zama leda. Narkakken gishirin ya shiga tsakanin sarƙoƙin ya hana su jeruwa, kamar yadda mai ke hana taliya dunƙulewa. Ledar ta fito busasshiya a hannu, tana tsayawa da kanta, kuma a digiri 20 tana gudanar da kusan kashi ɗaya cikin goma na milisimin. Har yanzu kashi ɗaya ne cikin ɗari na ruwan batir, amma ga PEO babban tsalle ne. An daɗe ana tausasa folima da ruwa, wannan ba sabo ba ne. Batirin da ake sayarwa da sunan litiyam-folima tun shekarun 1990 ruwan nan ne mai cin wuta aka jiƙa leda da shi. Sabon abu shi ne an tausasa ta da abin da ba ya tururi. A shekarun da suka biyo baya, rukunin Passerini ya nuna ƙananan batura na gwaji da ke aiki da kyau a digiri 40. A Turai wannan har yanzu na nufin na'urar ɗumamawa. A Maiduguri ko Sakkwato, la'asar ce ta watan Afrilu.

A Japan an bi wasu hanyoyi biyu. Masayoshi Watanabe na Jami'ar Yokohama ya juya lissafin: maimakon a ɗiga gishiri a cikin leda, sai a gina ragar folima a cikin narkakken gishirin kansa, a samu wani abu kamar kamu ko dafaffen sitaci, wanda yawancinsa ruwa ne amma ba ya zuba. Hiroyuki Ohno kuwa, a Tokyo, tun 1998 ya yi tunanin ɗaure ayon na narkakken gishirin su zama su ne sarƙar. Kuma a Japan ɗin ne aka samu gwaji mafi armashi: a 2014 wani ƙaramin tauraron ɗan Adam mai suna Hodoyoshi-3 ya tashi da batirin narkakken gishiri da rukunin Masashi Ishikawa na Jami'ar Kansai ya ƙera. A sararin samaniya inda babu iska, ruwan batir na yau da kullum sai an kulle shi a gwangwani mai ƙarfi don kada ya kumbura. Wannan bai buƙaci haka ba.

To me ya sa, bayan shekara ashirin, babu irin wannan leda a wayar kowa?

Amsa ta farko ita ce mafi nauyi, kuma ita ce masu sanarwar nasara suka fi tsallakewa. Alƙalumman gudanar da caji suna ƙirga motsin dukkan ayon da ke cikin leda, alhali batir ba ya amfana sai da motsin litiyam kaɗai. Ko a PEO zalla, litiyam bai fi ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na cajin da ke gudana ba. Idan aka ƙara narkakken gishiri, an cika hanya da wasu matafiya da ba su da saƙon da za su kai, rabon litiyam ya ƙara raguwa. Titi ya cika da motoci, amma mafi yawansu ba kaya a ciki. Idan aka matsa wa irin wannan batir da caji mai sauri, gishirin litiyam sai ya taru a gefe guda ya ƙare a ɗaya gefen, kuma a irin wannan yanayi ne ƙayoyin nan suka fi tsira. A 2018 rukunin Monika Schönhoff a Jami'ar Münster ta Jamus ya auna wani abu mafi ban mamaki: a cikin wasu narkakkun gishirori, ayon masu kishiyar caji sukan yi wa litiyam rumfa su rinjaye shi, har dunƙulen ya riƙa tafiya baya, zuwa ɓangaren da bai kamata ba.

Ta biyu ita ce tauri. A 2005 Charles Monroe da John Newman na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley sun yi lissafin cewa shingen da zai danne tsiron litiyam da ƙarfin jikinsa sai ya ninka ƙarfen kansa tauri kusan sau biyu. PEO ba ta kusa da haka, kuma duk ɗigon narkakken gishirin da aka ƙara mata ƙara laushi take yi. Abin da ke ba ta sauri shi ke rage mata ƙarfi. Kamfanin Seeo na Kalifoniya ya yi ƙoƙarin raba aikin gida biyu, sashe mai tauri da sashe mai laushi a sarƙa ɗaya. Bosch ya saye shi a 2015, a 2018 kuma ya ce ya fasa ƙera batura. Abin da ya ɗan rage wa masu folima takaici shi ne daga baya an ga ƙayar litiyam na bin tsaga ta ratsa tangaran ma.

Sai kuɗi da muhalli. Narkakken gishirin da ya kai tsarkin shiga batir ya fi ruwan da ake amfani da shi tsada nesa ba kusa ba. Kirarin da aka yi masa ma an warware shi ɗaya bayan ɗaya: a 2006 wasu masana suka nuna ana iya tururar da shi a tace, wasu kuma a shekarar suka nuna akwai ire-irensa da ke ci da wuta sosai idan zafi ya wargaza su. TFSI kuwa ya faɗa cikin dangin sinadaran fulorin da ba sa ruɓewa, waɗanda ƙasashen Turai biyar suka nemi a taƙaita a 2023. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya gano irinsa a ruwa da ƙasa kusa da masana'antu a Amurka da Turai.

Ana cikin haka abokan hamayya suka yi nisa. A 2007 rukunin Werner Weppner a Kiel ta Jamus ya gabatar da wani tangaran mai jure ƙarfen litiyam. A 2011 Ryoji Kanno a Tokyo, tare da masu binciken Toyota, ya ba da rahoton wani sinadari na farar wuta mai gudanar da milisimin 12, wato daskararren abu ya kamo ruwa. Can ne manyan kuɗaɗe suka karkata, kuma Toyota ya ambaci 2027 zuwa 2028 a matsayin lokacin fitowa kasuwa. Su ma da nasu ciwon: na farar wuta idan ya ji danshi yana fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma sai an matse batirin da ƙarfi kafin ɓangarorinsa su ci gaba da taɓa juna. Shi ya sa a maƙaloli da yawa na 'yan shekarun nan ake ganin an shafa siririn fallen folima ko ɗigon narkakken gishiri a fuskar tangaran domin ya manne. Abin da aka so ya zama gini sukutum ya koma aikin yaɓe, kuma mai yiwuwa a nan amfaninsa na gaskiya yake.

Akwai ma gardamar suna da ba a gama ba. Ledar da rabin nauyinta ruwa ne, ko da ruwan ba ya zuba, shin daskararriya ce? Kamfanonin Sin da suka fara sa irin waɗannan batura a motoci, kamar NIO da ya fito da babban batirinsa a 2024, suna kiran nasu rabin daskararre, kuma wannan ya fi kusa da gaskiya fiye da yawancin taken maƙalolin jami'o'i.

Hanyar Ohno ce ta fi nuna alamar rai a yanzu. Idan aka ɗaure manyan ayon masu caji irin na litiyam a jikin sarƙa, sun daina yawo ke nan, sun daina gasa da shi a hanya, kuma irin wannan sarƙa ta fi PEO jure babban ƙarfin lantarki. PEO ba ta son wuce bolt 4, dalilin da ya sa baturan Bolloré suka tsaya a kan katod na ƙarfe da fosfet. A 2009 David Mecerreyes da abokansa a San Sebastián ta Sifen suka ɗauki wata folima da ake samarwa tan-tan, suka musanya mata ayon ɗaya da TFSI. Daga baya, tare da rukunin Forsyth da ya koma Jami'ar Deakin, suka nuna cewa idan aka loda mata gishirin litiyam fiye da kima, har ya rinjayi ledar, rabon litiyam a cikin cajin yana haura rabi. Gwaje-gwajen nasu mafi kyau har yanzu a ɗumame ake yin su, a ƙananan batura masu girman kwabo. Folimar da suka fara da ita kuwa ba baƙuwa ba ce: ita ce wadda gidajen ruwa a ƙasashe da dama ke zubawa a tankuna domin laka ta dunƙule ta kwanta kafin a tura ruwa famfo.